Manomin da Ya Yi wa Teku Kallon Kogi

Can a wani zamani, wani manomin fadama ya yi ƙaura zuwa bakin teku. A garinsu, in kogi ya cika ya janye, yakan bar laka mai albarka. Don haka ranar da teku ya tumbatsa ya malale gonarsa, mutanen gari na salati, shi yana murna. Ruwa na janyewa ya dasa albasa, amma albasa ta ƙone.

"Ikon Allah!" in ji shi. "Abin da ya sha ruwa ya ƙoshi, shi zai ƙone?"

Ya sake dasawa, ta sake ƙonewa. Ya zargi iri, ya zargi tsutsa, har ya zargi bakin mutane. Ga teku sai ƙara matsowa yake, alhali ko hadari babu.

Wata tsohuwa mai bandar kifi ta iske shi ya yi tagumi. Ta ce, "Ɗan nan, ka ɗanɗana ƙasar kuwa?"

"Haba Iya! Da girmana zan ci ƙasa?"

Tsohuwa ta wuce abinta. Ya waiga, ya ga ba kowa, sai ya dangwala ya lasa. Gishiri zalla!

Ya bi ta a guje. "Iya, ku a ina kuke shuka?"

Ta nuna masa tudu. "Can sama. Bana ma sai da muka ƙara hawa."