Damma Arba'in na Halidu

A gaban allo Zaliha ta fara sanin Halidu, a kwalejin Keita. Mushe, malaminsu, ya ba ta lissafi: idan gona biyu sun ba da dami shida, nawa gona biyar za su bayar? Alli ya suɓuce mata ya faɗi. Yaron da ya ɗauko mata ya raɗa, "Nemi na gona guda tukuna."

Tun daga ranar zuciyarta ba ta koma wurinta ba.

Shekaru suka shuɗe, suka gama karatu. Halidu ya aiko neman aurenta, amma mahaifinta Mati ya ƙi.

"Gadonshi hwaƙo ne, ko akuya ba ta tsayawa. Mi za ki ci? Ga Aƙilu mai kamiyo, babbar motar kaya, na jira."

Halidu ya koyi jera duwatsu masu tare ruwa wurin ma'aikatan furoje, shirin raya karkara. Ya gwada a kusurwar gonarsa, ya samu dami huɗu.

"Zalina, gonar ta ninka kusurwar nan goma," in ji shi. "Baɗi arba'in ke nan. Na hwaɗa ma Babanki."

"Ka yi alkawali?"

"Gaban mutane."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. A aji ba a taɓa sa ruwan sama cikin lissafi ba.

Damina ta zo, ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da hatsi ke tsaka da bununi. Dami goma sha biyu ya ɗaure. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga ƙofar gidansu. Zaliha ta rame, tana daka tana kuka. Ta ɗauka ya daina sonta, sai ta ji a bakin rijiya wai Abijan za shi.

Ta same shi a gona, tafin hannunsa duk ya tsage.

"Haka za ka tahi, ko sallama?"

"Da wane ido zan dube ki? Na zama maƙaryaci, Zali."

Da yamma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, dami nawa munka samu bana?"

"Ashirin. Mi ya kawo tambaya?"

"Gonarka ta yi ta Halidu sau biyar. In anka raba, kowane kashi huɗu ne. Shi sha biyu, a hwaƙo, ruwa guda anka yi muku."

Washegari Mati ya tafi gonar Halidu shi kaɗai. Ya bi jerin duwatsun, ya tona ƙasa da sanda, ya tarar da sauran laima.

"Kai, sarkin cika baki!" ya kira Halidu. "Arba'in ɗinka Allah ya hana. Turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da za a kai ta, Mati ya dafa kanta, idonsa ya cika.

"Tahi, ɗiyata. Allah shi ba ku ruwa da zaman lahiya."