Awarwaron Lavina a Gilashin Kanti

"Ka je ka duba gilashin kantinku, Diraj! Ka je ka gani da idonka!"

Matata Lavina ce, tsaye a bakin murhu, gurasa na ƙonewa a kasko ba ta ma kula ba. Tun da aka kawo ta daga Indiya zuwa tsibirinmu na Sint Maarten ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

"Me ke cikin gilashin in ba zinariya ba?" na ce.

"Awarwaron mahaifiyata! Mamanka ta karɓa ta ce za ta ajiye min a akwatin ƙarfe na kanti. Yau na kai abinci, na gan su an rataya musu farashi..."

"Wataƙila masu kama da su ne, masoyiyata."

"Ɗaya ya lotsa a gefe. Haƙorina ne, ina jaririya."

Da na dawo daga karatu a Holand na ce ba na son gara, kada iyayen amarya su kawo ko cokali. Iyayena suka ce to, suka zagaya suka karɓa. Tun daga ranar biki Mama ke mita wai kayan sun yi kaɗan.

Na ɗauki makullin mota.

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, kanti cike. Na iske Mama tana zura wa wata Baturiya awarwaron a hannu. Na roƙi matar gafara, na ce waɗannan ba na sayarwa ba ne, na zare su.

Mama ba ta daina yi wa Baturiyar murmushi ba, amma da yarenmu na Sindi ta ce, "Ka haukace ne?"

"Na Lavina ne, Mama."

"Ubanta ya yi alkawarin taya mu buɗe kanti na biyu, ya tsaya kukan talauci. Waɗannan ne ciko."

"Na uwarta ne, kuma ta rasu!"

"Ni fa? Ranar da aka kawo ni, kakarka har 'yan kunnena ta cire. Da su aka buɗe kantin nan, shi ya biya maka makarantar da kake min taƙama da ita. Wa ya yi kuka saboda ni?"

Idonta ya cika, ta juya ta goge. Baba na gefe yana goge zobe ɗaya, bai ɗago ba.

Na shiga ciki na buɗe akwatin ƙarfe don in ɗauko gidan awarwaron. A ƙarƙashinsa na ga fasfon Lavina. An ce min yana ofishin shige da fice ana sabunta mata izinin zama.

"In ka fita da su kada ka dawo!" in ji Mama daga bakin ƙofa.

"Abin da aka yi miki zalunci ne, Mama. Wannan ma haka."

Na ajiye makullin kanti a kan tebur, na fita.

Gida ba kowa. An kashe murhu, akwatinta ba ya nan. Na san wurin da matanmu ke zuwa in ta kai musu wuya: ɗakin da ke saman shagon yadi na Anti Kanta, gwauruwar da duk surukai ke zagi a ɓoye.

Da na isa, Anti ta tare matakala da jikinta.

"Ɗan Holand! Ka zo ɗaukar kayanku ne?"

"Na kawo mata nata ne, Anti."

"Ba ita ce ta farko da ta kwana a ɗakin nan ba. In ka sa ta kuka, da almakashi zan raka ka."

Lavina na zaune a bakin gado. Na ajiye fasfo da awarwaro a gabanta. Fasfon ta fara ɗauka, ta buɗe, ta duba hotonta, ta rungume shi a ƙirji. Sai a nan na gane wanne ya fi hana ta barci.

"Ka san sun ɓoye shi?"

"Ban sani ba. Ban kuma tambaya ba."

"In na ce zan koma wurin Babana fa?"

"Ni zan kai ki filin jirgi... amma ina roƙonki, hasken idona, kada ki tafi."

"Gidan Mama ba zan koma ba, Diraj."

"Ni ma an kore ni. Ba kanti, ba gida."

Na miƙa hannu zan saka mata awarwaron, ta janye. Da kanta ta zura su, mai lotsawar a ƙarshe. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ka nemi aiki, ka nemi ɗaki, ko ɗan ƙarami ne. Sannan ka zo ka nemi aurena a wurin Anti. Ka sani, wannan karon ko cokali ba zan kawo ba."

Daga matakala Anti Kanta ta ɗago murya.

"Kuma ni ba na ba da 'yata da wuri, ɗan Holand! Ka zo gobe, ka taho da alewa."