Ɗan Dutsen Niƙa da Goriba

A shekarun baya, a wani gari, mijina yana koyar da Fiziks a sakandare. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'yarmu Hansatu ta rufe littafin darasin, ga jarrabawa ta matso. Na yi lallashi, ta ƙi. Na yi faɗa, ta ƙi.

Ni a firamare na tsaya, amma ran nan na ɗauko ɗan dutsen niƙa da goriba, na ce, "Yau ni ce malama. Abu mai nauyi shi ke fara isa ƙasa."

Ta ce, "Inna, tare za su isa."

Na ce, "Ni za ki gaya wa?"

Na sake su. Tare suka isa, dutsen a kan babban yatsan ƙafata. Ina salati, tana dariyar da na daɗe ban ji ba.

Kunya ta kama ni, amma na ce, "To, me ya sa?"

Ta ce, "Na manta yadda Baba ya bayyana."

Na ce, "Ba zan tashi ba sai na gane."

Ta ɗauko littafin. Daƙiƙiyar ɗaliba ta samu, don kafin in gane, ita ta haddace babin.