Horon Sha Biyar Ga Nuwamba

Ƙarfe tara na safiyar Laraba aka kira ofishin 'yan sanda daga masana'antar katako ta Tervo, wai an sace fayil. Sufeto Arlene Koskela ta isa cikin minti goma, tare da kofur ɗinta. Garin duka titi ɗaya ne a arewacin jihar Michigan ta Amurka, kuma kusan kowane gida daga masana'antar nan yake ci.

Manaja Brent Aldous ne ya tare ta. Surukin mai kamfanin ne, a watan Maris ya zo daga jihar Florida, can kudancin ƙasar.

"Takardun horas da ma'aikata ne, Sufeto," in ji shi. "Da su muka nemi rangwamen haraji, jiha ta yafe mana dala dubu casa'in. Jibi masu bincike za su zo ganin na asali, sai ga durowa wayam."

"An fasa ta?"

"Ko ƙwarzane babu. Ban ce komai ba fa, amma mukullin yana hannun Jolene. Ita ce ma ta sa hannu a kan takardun."

Jolene Pelkie, sakatariyar kamfanin, tana zaune ta haɗe hannuwa a cinya. Ta san idan aka ce takardun na bogi ne, ita za a ɗaure.

"An yi horon nan, Jolene?"

"An yi, ranki ya daɗe."

"Kalle ni. Tare muka yi firamare. Yaya jikin mijinki Gus?"

"Sau uku a mako ake masa wankin ƙoda." Ta sunkuyar da kai. "Inshorar kamfanin nan ce ke biya, Arlene. Ina zan je?"

Sufeto ba ta matsa mata ba. Ta shiga cikin masana'antar, ta tambayi ma'aikata huɗu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ce an koya musu sabon injin yanka na awa takwas, kuma sun ƙaru sosai. Ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Injin kuwa yana can lungu, ƙura ta rufe ledarsa.

"Kawu Walt," ta ce da wani tsoho mai ɗaure katako, "zo ka kunna min shi."

"Haba yarinya, ni da ko wayata jikata ke kunna min?" Ya rage murya. "Ki bar mu mu ci abinci. In aka rufe wajen nan, wa zai ɗauki mai shekara sittin da uku?"

Da rana ofishin haraji ya turo mata kwafin abin da kamfanin ya aika a watan Afrilu. Sunaye arba'in da biyu, kowanne da sa hannu. Ta dubi kwanan watan da ke sama, ta sake dubawa, sai ta ɗauki hularta.

Ta sami ma'aikatan a ɗakin cin abinci ana shan kofi. Ta sa aka kira manaja da Jolene.

"Brent, wannan takardar ta ce kowa ya halarci horo ranar sha biyar ga Nuwamban bara. Haka ne?"

"Haka yake a rubuce."

Wani ya ƙware da kofi.

"Kawu Walt, ina kake ranar?"

Tsohon ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa. "Ranar buɗe farautar barewa? Ina daji mana! Ko ranar haihuwar ɗana ce ai sai dai uwarsa ta aiko min da labari."

Dariya ta ɓarke, ta mutu nan take.

"Ranar nan ko makarantarmu ba a buɗewa," in ji Sufeto. "Masana'antar a kulle take. Duk wanda ya taɓa yin Nuwamba ɗaya a garin nan ba zai zaɓi wannan ranar ba, ko ƙarya zai yi. Mutum ɗaya ne a ɗakin nan bai taɓa yi ba."

Jolene ta miƙe, ta nuna Brent. "Farar takarda ya ba ni na sa hannu. Jiya kuma ya ari mukullina."

Brent ya nemi kujera ya zauna. "A murhun ɗumama wuri na ƙone su. Da biro ɗaya na yi duka, masu bincike za su gane. Surukina ya ce ko in nuna riba bana, ko in tattara in koma. Ban yi niyyar..."

"Ka yi niyyar a ɗaure Jolene. Miƙo hannu."

Ta sa masa ankwa, kofur ya fita da shi. Babu wanda ya yi murna. Kowa ya san kamfanin zai mayar da kuɗin har da tara.

Jolene ta biyo Sufeto bakin ƙofa. "Ni fa?"

"Shaida ce ke, ba mai laifi ba."

"Kamfanin fa, za a rufe?"

"Ban sani ba, Jolene."

Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa. Jolene ta goge idonta, ta koma teburinta.