Gatarin Gidan Niƙa

Neman labarin kakanta ne ya kai Auta tsohon gidan niƙa. Ya rasu tun ba a haife ta ba. Abin da ta sani kawai, hannu ɗaya gare shi, kuma a nan wani leburan inji ya sare masa ɗayan da gatari. Ko kakarta Iya, da an taɓo zancen sai ta tsuke baki.

Wurin ya zama shagon walda. Saurayin da ke ciki ya ɗaga gilashin fuskarsa, ya ga tana tsalle tana kakkaɓe mayafi.

"Matso, tartsatsin nan ba ya cin kyawawa," in ji shi.

Ya nuna mata dakalin simintin da injin ya zauna a kai. Dakali dai kallo ɗaya ya ishe shi, amma Auta kullum sai ta koma.

"Tartsatsina, yau na ƙone yatsa, kuma laifinki ne," ya rubuto mata a waya.

"Gawayina, ka riƙa kallon ƙarfe, ka daina leƙen ƙofa," ta mayar masa.

Da maganar aure ta taso, Baba, mahaifin Auta, ya bi asalin yaron, sai ga shi jikan leburan nan ne.

"Jinin wanda ya nakasa ubana? Sai dai bayan raina!"

Yayanta direban tifa, wanda zuciyarsa ke kusa, ya suri rodi ya fita. Auta ta durƙusa gaban Iya tana kuka. Tsohuwar ta miƙe, ta ce, "Tsayar mana da tasi."

Sun tarar da Mai Walda a ƙasa, goshi a fashe, jini har cikin ido. Yaya ya ƙara masa rodi a haƙarƙari, ya janyo hannunsa ya danne kan dakalin, ya ɗaga guduma.

"Hannu a bakin hannu!"

Auta ta faɗa ta ɗora nata a kai. Tsoro ya cika ta, amma ba ta janye ba.

"Fara da nawa, Yaya."

"Sauke, ɗan nema!" in ji Iya. "A nan nake tsaye ranar, na kawo wa kakanku abinci. Bel ɗin injin ya kama rigarsa, inji yana haɗiye shi har kafaɗa. Kowa ya gudu sai leburan. Ni na miƙa masa gatarin."

Gudumar ta faɗi ƙasa.

"Mutane suka shigo suka ga jini, suka rufe leburan da duka har ya bar garin. Kakanku ya farfaɗo bai tuna komai ba. Ni kuwa ina amarya, tsoro ya kulle min baki."

Baba da kansa ya je asibiti ya ba da haƙuri. Ranar auren, Yaya ya fi kowa ɗaukar kujeru, ya kasa haɗa ido da ango.

Iya ta kamo hannun Mai Walda, ta ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa na Auta a ciki.

"Kakanka ya ba mu rai, muka biya shi da duka. Ga jikar wanda ya ceta. Allah ya yi muku albarka, ya yafe min."