Tambayar Gurbi Na Tara

Ranar da ta fara shigowa shagon, injin kwafi ya haɗiye takarda, Mai-Biro yana durƙushe yana lallashinsa. Sallamarta ya fara ji, sannan ya ɗago ya ga farar rigar aikin jinya da fayil a rungume.

A wannan unguwa ta ƙasar waje, Mai-Biro ne ke cike wa baƙi takardun izinin zama, ga lasisinsa rataye a bango. Shekara bakwai yana aikin, kuma akwai tambayar da ba ya tsallakewa. Ya san halin mutanenmu: ɗan maƙwabci yaya ne, ɗan ƙawar uwa yaya ne, wanda ya girme ka da wata biyu ma yaya ne. Ofishin shige da fice kuwa yaya ɗaya ya sani. Don haka duk wanda ya ce masa "yayana", sai ya ajiye biro ya ce, "Na ciki ɗaya ko na zumunci?"

"Malam, izinina saura wata uku ya ƙare," in ji ta.

"Kin kyauta da kika zo da wuri, Malama Nas. Wasu sai ana gobe suke tunawa da ni. Ki riƙa ajiye kwafin komai, kuma fasfo ɗinki kada ya kwana a hannun kowa, ko da ni ne."

Ta yi murmushi, shi kuwa biro ya kusa suɓuce masa.

Suka iso gurbi na tara, inda ake rubuta wanda ya tsaya wa mutum da dangantakarsu.

"Yayana ne. Ga shi can a mota yana jirana."

Mai-Biro ya leƙa. Dogo ne, kyakkyawa, yana ta duba agogo. Yayan zumunci kuwa ai yana iya zama ango. Tambayar ta zo har bakinsa ya haɗiye ta, don yana tsoron amsar. Ya rubuta uwa ɗaya uba ɗaya, abin da zuciyarsa take fata. Ta sa hannu ba ta duba ba, saboda ta yarda da shi.

Daga tambayar ko takarda ta iso, saƙonni suka zarce.

"Malama Nas, yau ma zazzaɓin nan ya tashi. Likita ya ce ba shi da magani sai muryarki."

"Ka sha ruwa ka kwanta, Birona. Masu ciwon gaske suna jirana."

Wata biyu suna haka, sai wasiƙa ta zo. An ƙi sabunta izinin, an ce ta yi ƙarya a gurbi na tara, an ba ta kwana talatin ta tattara ta bar ƙasar. Dogon nan ɗan aminiyar mahaifiyarta ne.

Ta zo shagon idanunta jawur. "Laifina ne. Ni na ce maka yayana, kai kuma ka rubuta abin da ka ji."

Nan ya kamata ya yi magana. Sai ya ce, "Ki aure ni kawai. Ina da izinin zaman dindindin, magana ta ƙare."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Shi ma Yaya abin da ya ce ke nan jiya, kuma Mama tana bayansa. Ta ce ga na gida, me zan yi da mutumin da takardata ta lalace a hannunsa. Ashe duk tausayina kuke ji. Ni ba zan yi auren takarda ba."

Ta fita, ta bar shi da kunyar da ta fi ƙarfinsa. Kwana takwas yana yi wa kowa tambayar nan tasa, kuma duk lokacin da ya yi ta sai ya ji kamar an mare shi. Yarinya tana can tana ɗaure kaya tana zagin kanta, alhali mai laifin yana zaune ƙarƙashin lasisinsa ana ce masa ranka ya daɗe.

A rana ta tara ya tura mata saƙo.

"Ba laifinki ba ne. Kowa ina tambayarsa na ciki ɗaya ko na zumunci, ke kaɗai na ƙi tambaya, don ina tsoron ki ce na zumunci. Kishi ne ya riƙe biron, tun kafin in san sunanki da kyau. Na rubuta wa ofis cewa kuskuren nawa ne. Ko ba ki yafe ba, ki zauna a aikinki."

Ba ta ba shi amsa ba. Ofis ne ya amsa: aka sabunta mata izini, shi kuma aka dakatar da lasisinsa shekara guda.

Ranar da yake sauke lasisin daga bango ta shigo, wayarta a hannu, mahaifiyarta tana kan layi.

"Kai ne mai biron?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Mama. Ku gafarce ni."

"Ka yi wauta, yaro. Amma wanda ya tona kansa don ya rufa wa 'yata asiri, ba zan kira shi bare ba. Ka turo manyanka."

Ya dubi Malama Nas. Ta ɗaga masa sabon katinta. "Ka gani? Yanzu ba na bukatar takardarka. Sai ka sake tambayata."

Ya tambaya, ta amsa. Dogon yaya da kansa ya zo shaida, har da duba agogo. Aka ɗaura aure, aka yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Bayan sati biyu suka zauna cike takardar sauya matsayinta. Ita ke riƙe da biro, tunda an hana shi. Da ta iso gurbi na tara, sai ta karkata kai.

"Me zan rubuta a nan, Yaya?"

Mai-Biro ya dafa takardar da hannu biyu.

"Tsaya tukuna. Na ciki ɗaya ko na zumunci?"

"Na zuciya," in ji ta. Sannan ta rubuta miji, ta miƙa masa ya duba sau biyu.