Kujerar da Aka Jefar Bakin Kwata

Ranar Talata ce, ruwan Yuni na zuba a unguwar Nima tun hantsi.

Tajudeen mai ɗinkin kushin yana tsaye a tsakar gidan su Safara'u, budurwarsa da aka sa musu ranar aure. Gabansa ga doguwar kujerar da ya turo a kura. Bayanta ɗinke yake layi-layi a tsaye kamar kunyoyin gona, kowane layi da nasa cushen soso, don kada ya zame ya bar mai zama da ciwon baya.

Mahaifin Safara'u, Malam Gajere, wanda aka koro daga Legas bara ba ko tabarma, ya fito ya dube ta.

"Ta wace ce?"

"Ta ɗakin Safara'u ce, Baba."

"Kayan ɗaki uban amarya ke yi. Ka ratso unguwa da ita tsakar rana, kowa ya gani. Wato Gajere ya gaza?"

"Wallahi ba haka—"

"Ku fitar min da ita! Kai ma bi ta. Na fasa auren!"

Samarin gidan suka cilla ta bakin kwata. Soson ya sha ƙazamin ruwa.

Da la'asar Safara'u ta same shi a shago, idanunta sun kumbura.

"Mu gudu, mu tafi tashar Tudu mu hau motar Kumasi," in ji shi.

"Ei, Taju! In ƙara wa Baba wata kunyar? Ba ƙin ka yake ba. Ko koko bai sha ba yau."

Da ta tafi, ya je ya ɗauko kujerar daga bakin kwata. Ya farke layukan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke yadin, ya sake cusawa. Damina ta wuce. Kullum yana gaida Malam Gajere a masallaci, ba a amsawa.

Wata yamma yayar tsohon, Gwaggo Mulikatu, ta leƙo shagon.

"Na shawo kansa. Amma kujerar daga gidana za ta fito, a ce mu muka yi wa 'yarmu. Har ka mutu ba za ka ce aikinka ba ne."

"Gwaggo, ban taɓa ɗinka kamarta ba."

"To zaɓi, ɗan nan. Yabo ko mata?"

Ya sunkuyar da kai. Ya gane cewa alherin da ya tona asirin mai karɓa cin fuska ne, kuma mai son 'yar mutane dole ya rufa wa gidansu asiri.

Washegari bayan sallar asuba ya ɓamɓare tambarin shagonsa daga ƙarƙashin kujerar, ya lulluɓe ta da buhu, ya tura ta gidan Gwaggo ta lungun baya.